Jan ruwa, tsatsa da ƙarancin jini: bayani kan yadda ƙarafa ke sauya hali

Akwai tambaya guda da ke ta dawo mana a waya da saƙon murya: an haƙa rijiya ko foraj, ruwa ya fito garau, amma da an bar shi cikin bokiti ya kwana sai a tarar ya yi ja, da laka kwance a ƙasa. Wasu ƴan uwa da ke Abijan, Kwatano, Legas ko Libiya, waɗanda su ne suka haɗa kuɗin aikin, har sun fara zargin wanda suka ba amana. Mun amsa a cikin shiri, to amma maganar rediyo wucewa take yi. Shi ya sa muka rubuta bayanin a nan, don a riƙa dawowa ana dubawa. Abin da ke sa ruwan nan ja shi ne ke sa kwanon rufi tsatsa, kuma yana da hannu a ƙarancin jinin mata masu juna biyu.

Ba ni in ba ka

Duk abin da ke duniya an gina shi da ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, ana ce musu atom. Kowane atom yana da wasu ƴan mitsi-mitsi da ke kewaye shi, sunansu elektaron, su ne ma ke gudu cikin wayar lantarki. In atom ya rasa elektaron ko ya samu ƙari, sai a ce ya zama iyon, wato ƙwaya mai caji.

Ƴan lise sun san kalmomi biyu. Oksidasiyon shi ne abu ya ba da elektaron. Rediksiyon shi ne abu ya karɓi elektaron. Biyun nan ba sa rabuwa, kamar ciniki ne a babbar kasuwa: ba mai saye sai da mai sayarwa. Abin da ke bayarwa ana ce masa rediktar, mu za mu ce mai bayarwa. Abin da ke ƙwacewa ana ce masa oksidan, mu ce mai karɓa.

Manyan masu karɓa da muke hulɗa da su kullum su ne iskar oksijen da muke shaƙa, ruwan Jabel, da permanganat. Masu bayarwa kuma akwai gawayi mai ci da wuta, bitamin C da ke cikin lemun tsami, sukari, ruɓaɓɓen ganye da takin gargajiya.

Sunan oksidasiyon ya samo asali ne daga aikin wani Bafaranshe, Lavoisier, wanda a shekarun 1770 ya nuna cewa ƙonewa da tsatsa duk haɗuwa ce da oksijen. Sai a 1897 wani Bature ɗan Ingila, Thomson, ya gano elektaron, daga baya aka fahimci cewa musayarsa ce gindin maganar.

Ƙarafan tsakiya

A teburin sinadarai, wanda Mendeleyev na Rasha ya fara tsarawa a 1869, akwai rukunin ƙarafa da ke zaune a tsakiya. Cikinsu akwai kurom mai lamba 24, manganiz mai lamba 25, baƙin ƙarfe mai lamba 26, da jan ƙarfe, wato gaci, mai lamba 29. A wannan rubutu in mun ce ƙarfe kawai, baƙin ƙarfe muke nufi.

Halinsu daban yake da na sauran. Sodiyom da ke cikin gishirin miya elektaron guda yake bayarwa, ba ya ƙari ba ya ragi. Su kuwa ƙarafan tsakiya suna iya ba da biyu yau, gobe su ƙara, jibi su karɓe. Duk lokacin da adadin ya sauya, launi yana sauyawa, hali ma yana sauyawa. Ga waɗanda za mu yi ta ambata:

Ƙarfe mai biyu (Fe2+): ya ba da elektaron 2. Yana narkewa a ruwa. In kaɗan ne ba a ganinsa, in ya yi yawa ruwan kan yi kore-kore.
Ƙarfe mai uku (Fe3+): ya ba da 3. Ja ne ko ruwan ƙasa, ba ya son narkewa. Shi ne tsatsa.
Manganiz mai bakwai: launin shunayya mai ƙarfi. Mai huɗu: baƙi-baƙi ko ruwan ƙasa. Mai biyu: kusan ba launi.
Kurom mai uku: kore. Kurom mai shida: rawaya ko ruwan goro, kuma guba ne.

Me ya sa ruwan ke ja?

Can ƙarƙashin ƙasa, inda iska ba ta kai, ƙarfen da ke cikin yashi da marmara yakan narke a matsayin mai biyu. Ruwa ya ɗauko shi ya fito garau. Da ya haɗu da iska, oksijen ya ƙwace elektaron guda daga kowane iyon, ya koma mai uku. Shi kuma mai uku ba ya zama a narke, sai ya dunƙule ya yi gari-gari ja, ya kwanta a gindin bokiti. Ba wanda ya zuba wa ruwan komai, kuma ba shi kaɗai ke nuna an yi ha'inci a aikin ba.

Akwai hanya ta biyu da ƙarfe ke shiga ruwa: bututun pampo da kansa in na ƙarfe ne ya fara ciwuwa. Ana iya samun alama a gida. In ruwan farko na safe ne ke fitowa ja, da an daɗe ana bugawa ya washe, to a fara duba bututu. In kuwa kullum garau yake fitowa, sai daga baya ya yi ja, ya fi kama da daga ƙasa yake.

Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta sa wa ƙarfe iyaka ta fuskar cuta ba, saboda yawan da ake samu a ruwan sha ba ya cutar da mai lafiya. Abin da ta lura da shi shi ne daga miligiram 0,3 a lita guda yakan fara ɓata fararen tufafi, ya sa ruwa ƙarni, shayi ma ya yi baƙi. Haɗarin yana wani wuri: in mata suka ƙi ruwan foraj saboda launi, sai su koma tabki ko rijiyar da ba ta da murfi, inda ƙwayoyin zawo da kwalara suke.

Maganin ba shi da tsada. A sa ruwan ya sha iska, a yi ta juya shi daga bokiti zuwa bokiti daga sama, a bar shi ya kwana, a tsiyaye na sama, a tace da tsabtataccen ƙyalle. Ga foraj na gari ana gina kwandon tacewa a bakin pampo: ruwa ya zubo yana watsuwa cikin iska, ya ratsa tsakuwa, sannan yashi. In za a sa Jabel ko ƙwayar Aquatabs, a sa bayan an cire ƙarfen. In an sa tun farko, ƙarfe mai biyu zai cinye wani kaso na maganin, abin da ya rage ba lalle ya isa kashe ƙwayoyin cuta ba.

Manganiz kuma baƙin tabo yake bari a tulu da bututu, kuma ya fi ƙarfe jinkirin kwantawa. Shi kam an sa masa iyaka: miligiram 0,08 a lita, saboda yawansa na iya taɓa ƙwaƙwalwar ƙananan yara.

Ruwa garau ba shaida ba ne

Nan ne muke son a tsaya a saurara. Jan ruwa yana faɗin aibinsa da kansa. Akwai waɗanda ba sa faɗi.

Mutanen Tibiri ba sa bukatar a tuna musu. Daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa wajen shekarar 2000, garin ya sha ruwan foraj mai zurfi da ke ɗauke da sinadarin fuliyor fiye da kima. Haƙoran yara masu yawa suka lalace, ɗaruruwa ƙasusuwansu suka lanƙwashe. Ruwan kuwa garau yake, ba wari ba launi. Fuliyor ba ƙarfe ba ne, ba ya wannan musaya da iska. Ko an bar ruwan ya kwana, ko an tace da ƙyalle, ko an tafasa, yana nan. Iyakarsa miligiram 1,5 a lita, kuma awo ne kawai ke nuna shi.

Na biyu shi ne nitarat. Yana zuwa daga takin zamani, daga salga, da turken dabbobi in suna kusa da rijiya. Wannan ya shafi duk inda ake noman rani da taki, kamar kwarin Gulbin Maraɗi da filin ban ruwa na Jiratawa mai sama da hekta 500, da unguwannin birni inda rijiya da masai suke maƙwabtaka. Ba mu ce rijiyar wani ta gurɓace ba, cewa muka yi a auna. Iyakarsa miligiram 50 a lita. Tafasawa ba ta cire shi, ƙara masa ƙarfi ma take yi tunda ruwa ne ke tashi ya bar shi. Yadda yake cutarwa kuwa, sai mun shiga maganar jini.

Ƙarfen da ke cikin jininmu

Babban mutum yana ɗauke da kamar giram 3 zuwa 4 na ƙarfe a jikinsa, wajen kashi biyu cikin uku yana cikin jini. Jan sinadarin jini, emogulobin, kowane ɗaya yana riƙe da atom 4 na ƙarfe, su ne ke ɗaukar oksijen daga huhu su kai ko'ina. Sharaɗin shi ne ƙarfen ya kasance mai biyu. In ya koma mai uku, ba ya ɗaukar iska.

Abin da nitarat ke yi ke nan. A cikin hanji yakan juye ya zama nitirit, shi kuma ya shiga jini ya mai da ƙarfe mai biyu mai uku. Jikin babba yana da hanyar mayar da shi da sauri. Jariri ɗan ƙasa da wata 6 hanyar tasa ba ta yi ƙwari ba. Alamun su ne leɓe, harshe da farce su yi shuɗi-shuɗi ko toka-toka, numfashi sama-sama, yaro ya yi laushi. Wannan na gaggawa ne, a kai shi likita nan take, akwai allurar da ke mayar da ƙarfen yadda yake. Ga ƙarin dalili na shayar da nono zalla har wata 6, ba tare da ba jariri ruwa ba.

Sai ƙarancin jini. Ƙarfen da ke cikin nama, hanta da kifi jiki yana karɓarsa da sauƙi. Na cikin hatsi, wake da ganye galibi mai uku ne, hanji kuwa mai biyu yake shigarwa. Bitamin C mai bayarwa ne: yana miƙa wa ƙarfe mai uku elektaron guda, ya koma mai biyu, ya samu shiga. Ke nan matse lemun tsami a kwaɗon zogale ko dafaffen wake, yanka ɗanyen tumatir a kai, cin gwaba ko shan kwalba da nono ta garin ƴaƴan kuka kusa da abinci, duk suna ƙara abin da jiki ke samu. Zafi yana kashe bitamin C, don haka a matse lemun bayan an sauke tukunya.

Shayi akasin haka yake yi. Abin da ke ba shi bauri yana kama ƙarfe ya ɗaure shi, hanji ya kasa ɗauka. Mun san ba mai raba mu da shayi, amma mai ciki, mai shayarwa da yaro su ba da tazarar awa guda ko biyu tsakaninsa da abinci.

Ƙwayar ƙarin jini da ake ba mata a wurin awo ƙarfe mai biyu ce haɗe da asid folik. In bayan gida ya yi baƙi, ba cuta ba ce, ragowar ƙarfen ne, kada a daina sha. A sha da ruwa, ba da shayi ko madara ba. A ɓoye ta nesa da yara, don yaro in ya haɗiye da yawa tana iya kashe shi. Masu emasi, wato sikila, musamman waɗanda ake yi wa ƙarin jini, kada su sha sai likita ya ce, saboda su ƙarfe na iya yi musu yawa.

Permanganat

Kusan kowane gida a Maraɗi ya san shi: ƴar ƙwaya ko gari da ke mai da ruwa shunayya, ana wanke salati ko gyambo. Manganiz mai bakwai ne, mayunwacin elektaron. Yana kashe ƙwayoyin cuta ne ta hanyar ƙwace musu nasu. Da ya karɓi 3 sai ya koma mai huɗu, ruwan ya yi ruwan ƙasa. Wannan launi sanarwa ce: ƙarfinsa ya ƙare, a zubar a haɗa sabo. Tabon da yake bari a farce da tufafi shi ma manganiz mai huɗu ne, kuma lemun tsami yana taimakawa wajen cire shi, don bitamin C yana ƙara masa elektaron ya koma mai biyu mara launi.

A ɗakin awo ana amfani da wannan hali don ƙidayar ƙarfe. Cikin ruwa mai asid, permanganat guda yana karɓar elektaron 5, wato yana juya ƙarfe mai biyu guda 5. Ana ɗiga shi ɗigo-ɗigo, launin yana ɓacewa, har zuwa ɗigon da launin ya tsaya. Daga yawan da aka ɗiga sai a lissafa ƙarfen da ke ciki.

Ƙa'idojinsa:
Don wanke fata, kashi 1 cikin 10.000, wato rabin giram a lita 5. Launin ya zama ja-ja mai haske, ana ganin gindin kwano.
A tabbata ya narke sarai. Ɗan gutsuren da bai narke ba yana ƙona fata.
Ba a shan sa, ba a sa shi a ido.
Ba a cusa ƙwayarsa a farji. Ba ya zubar da ciki, ƙuna yake yi da zubar jini mai iya kai wa ga mutuwa.
Kada ya haɗu da giliserin, wuta suke kamawa.
In an jiƙa salati a ciki, a fara wanke ƙasa da datti, a ƙarshe a ɗauraye da ruwa mai tsabta. Ba ya kashe ƙwan tsutsar ciki gaba ɗaya.

Sana'o'in da suka riga littafi sani

Maƙera. Tama ƙarfe mai uku ne haɗe da oksijen. Kakanni suna cika murhun laka da tama da gawayi, zafi ya kai wajen digiri 1.200. Gawayin da bai samu isasshiyar iska ba yana fitar da gas mai ƙwace oksijen daga tama, ya mayar wa ƙarfe elektaron ɗinsa, ya fito dunƙule ana iya ƙera shi. A ƙasar Adar an ɗauki fim ɗin wannan aiki a shekarun 1960, lokacin da ƙarfen motoci ya riga ya fara kashe shi. Tsatsa ita ce hanyar komawa: ƙarfe, ruwa da iska suka haɗu, fartanya ta fara zama tama. Mai ko fenti suna tare iska. Kwanon rufi kuma tutiya aka shafa masa, ita ce ke ba da nata elektaron a madadin ƙarfen, sai ta ƙare tsatsa ke kamawa.

Maginan tukwane. Tulun Jiratawa da ya fito ja, ƙarfen yumɓun ne ya sha iska cikin wuta ya zama mai uku. Inda hayaƙi ya rufe ya hana iska sai ka ga baƙin tabo. Haka abin yake a gona: tudu ja ne, lakar fadama da ruwa ke kwanciya kanta toka-toka ce, don ƙwayoyin halitta na ƙasa, da suka rasa iska, sun mai da ƙarfen mai biyu.

Majema da dukawa. Fatar jar akuyar Maraɗi da bagaruwa ake jeme ta. In baduku yana son baƙi, sai ya jiƙa kashin maƙera ko tsohon ƙarfe cikin ruwa mai tsami ko mai zaƙi ya bar shi ya daɗe. Ƙarfe ya narke a matsayin mai biyu, ya ratsa fata, iska ta mai da shi mai uku, ya kama sinadarin bagaruwa, baƙi ya zauna daram. Shi ne dai abin da ke faruwa in shayi ya haɗu da ruwa mai ƙarfe.

Manyan masana'antun fata kuwa, irin na Challawa da Sharaɗa a Kano, da kurom mai uku suke jima, kamar yawancin fatar duniya. Matsalar ita ce in aka ƙona guntayen irin wannan fata, wani kaso na iya komawa kurom mai shida, wanda ke jawo kansa. Kada a yi makamashi da su, balle a babbake kai da ƙafa. Siminti ma yana ɗauke da ɗan kurom mai shida, yana cikin abubuwan da ke sa hannun magina ƙaiƙayi da tsagewa. Tun 2005 dokar Tarayyar Turai ta taƙaita shi, kamfanoni suna zuba gishirin ƙarfe mai biyu don ya mai da shi mai uku. Magina namu su sa safar hannu ta roba, su wanke hannu da an tashi.

Ga masu aiko kuɗin rijiya

Ku sa kuɗin awon ruwa cikin lissafi tun farko, kafin a yi bikin buɗewa. Ma'aikatar ruwa ta jiha za ta nuna inda ake yi da yadda ake ɗibar ruwan, don in an bar shi ya kwana a bido ƙarfen zai kwanta, awo ya fito ba daidai ba. A nemi sakamako a takarda kan abu biyar: ƙarfe, manganiz, nitarat, fuliyor, da ƙwayoyin cuta. A tambayi irin bututun da aka sa, na roba mai ƙwari ko ƙarfen da ba ya tsatsa sun fi. A nisanta rijiya daga salga da turke. In ruwa ya yi ja, a gyara shi, kada a guje shi. In garau yake, a auna shi duk da haka.

Wanda ke da takardar awo bai gane lambobin ba, ya kawo ta gidan rediyo ko ya turo hotonta, za mu karanta tare a cikin shiri ba tare da faɗin suna ba.